Lafiya Amana Ce: Darasi Kan Kula da Jiki a Zaman Baƙunta

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da iyalan gidansa da sahabbansa baki ɗaya. 

Darasinmu na wannan fitowa a kan lafiya yake. Duk wanda ke bibiyar ɗan aikin taimakon da muke yi ya san cewa koken da ya fi nauyi a hannunmu na rashin lafiya ne: wannan ana masa wankin ƙoda, wancan ɓarin jikinsa ya shanye, wata an ce sai an yanke mata yatsun ƙafa saboda ciwon sukari, wani kuma kuɗin jirgi ake nema a mayar da shi gida ya yi jinya cikin danginsa. Muna tara abin da ya sawwaƙa, Allah Ya saka wa masu bayarwa da alheri. Amma idan aka zauna da masu jinyar aka bi labarin daga tushe, sai a tarar ciwon ya yi shekaru yana cin mutum a ɓoye, shi kuwa yana ta kai da kawowa a kasuwa ko wurin aiki, duk wanda ya gaishe shi ya ce lafiya lau. Wannan ya sa muka ga ya dace mu koma baya mu tambayi kanmu abin da ake nufi da lafiya, da kuma wanda nauyin kiyaye ta ke wuyansa.

Mece ce lafiya?

Da wuya a sami kalmar da Bahaushe ke furtawa a rana fiye da wannan. Ina kwana? Lafiya. Ina gajiya, yaya iyali, yaya kasuwa, yaya mutanen gida? Lafiya lau. Mai tafiya a ce masa ya sauka lafiya, mai ciki a yi mata fatan Allah Ya raba lafiya, gari in babu tashin hankali a ce ana zaman lafiya. Ke nan tun asali ba mu taƙaita ta ga jiki kaɗai ba. Ta haɗa da kwanciyar hankali, da zaman gida, da abin sawa a baki, da kyakkyawar ma'amala da maƙwabta.

Asalin kalmar daga Larabci ne, wato al'afiya. Ita ce muke ji kullum a nan idan Balarabe ya ga mutum yana aiki ya ce masa "ya'ɗikal afiya". Tirmizi ya ruwaito cewa Abbas, baffan Annabi (SAW), ya nemi a koya masa abin da zai riƙa roƙon Allah, sai aka nuna masa roƙon afiya, ya sake dawowa bayan kwanaki da tambayar, aka sake nuna masa ita. Malamai sun fassara afiya da kuɓuta daga duk abin da ke cutar da mutum a addininsa da jikinsa da duniyarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a tsarin mulkinta da aka rubuta a 1946 ya fara aiki a 1948, a kan haka ta tsaya: lafiya ta ƙunshi jiki da ƙwaƙwalwa da zamantakewa, rashin kwanciya ciwo kaɗai bai isa a kira mutum lafiyayye ba.

Inda matsalar take shi ne mun mayar da amsar gaisuwa ta zama sakamakon gwaji. Ladabi ne a ce lafiya lau, godiya ce ga Allah, har wanda ke kan gadon asibiti cewa yake yi da sauƙi. Wannan al'ada ce mai kyau, kada mu bar ta. Amma akwai cututtukan da ba sa sallama kafin su shigo. An ce jiki magayi, to hawan jini da sukari da ciwon ƙoda sukan daɗe ba su bari jiki ya gaya wa mai shi komai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan rabin manyan da ke da hawan jini a duniya ba su san suna da shi ba. Mutum yana cin abincinsa, yana barcinsa, jinin kuwa yana ta lalata jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na ƙoda da na ido, sai ranar da ya yanke jiki ya faɗi a ce jifa ce ko iska.

Wa ke da jikin?

Jikin da muke yawo da shi ba mu muka saya ba, aro aka ba mu, kuma za a tambaye mu yadda muka yi da shi. Malaman usulu irin su Imam Gazali da Imam Shaɗibi sun lissafa abubuwa biyar da shari'a ta zo ta kare: addini, rai, hankali, zuriya da dukiya. Kowane ɗaya daga cikinsu yana jingine da lafiya. Wanda gwiwa ta hana shi sujada ya san haka, wanda jinya ta cinye jarinsa ma ya sani.

A cikin Sahihul Buhari akwai labarin Salmanul Farisi da ɗan'uwansa Abud Darda'i. Salman ya kai masa ziyara ya tarar ya duƙufa da azumi da tsayuwar dare har ya yi watsi da iyalinsa da kansa. Sai Salman ya sa shi ya ci abinci, ya sa shi ya yi barci, ya tuna masa cewa bayan haƙƙin Ubangijinsa akwai haƙƙin kansa da na iyalinsa. Da maganar ta je wa Annabi (SAW) sai ya gaskata Salman. To idan ibada ba ta zama uzurin gallaza wa jiki ba, ina ga neman riyal?

Wasu 'yan'uwa in an ce su je awo sai su ce ai komai na Allah ne, kwana in bai ƙare ba babu abin da zai faru. Gaskiya ne ajali na hannun Allah. Amma mu duba abin da Sayyidina Umar ya yi lokacin da ya nufi ƙasar Sham, ya isa wani wuri da ake kira Sargu, aka tarye shi da labarin cewa annoba ta ɓarke a can. Ya yi shawara da sahabbai, sannan ya juya da mutane zuwa Madina. Abu Ubaida ya tambaye shi ko wannan ba gudun ƙaddara ba ne. Umar ya ba shi misali da mai raƙuma da ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk gefen da ya kai su kiwo da ƙaddarar Allah ya kai su, amma mai hankali ya san gefen da zai zaɓa. Shan magani ƙaddara ce, ƙin sha ma ƙaddara ce, sai dai ɗaya za a ba ka lada a kanta, ɗayar kuma za a tambaye ka.

Wannan fahimta ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Malam Abdullahi na Gwandu ya rubuta littafi mai suna Masalihul Insan, wanda ya haɗa abin da ke gyara addini da abin da ke gyara jiki wuri guda. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da nauyin mulkin da ke kansa, ya yi rubuce-rubuce kan magani, har da na ciwon ido da na basir. Magabatanmu ba su ɗauki kula da jiki a matsayin raunin tawakkali ba.

Ga wanda ke zaman baƙunta kuma nauyin ya ninka. A gida in ka kwanta akwai uwa, akwai ƙanne, akwai maƙwabcin da zai ɗauke ka a mashin. A nan da yawa daga cikinmu ƙarfinsu ne kaɗai jarinsu. Ranar da direba ko mai gadi ko mai shagala ta kasa tashi, ranar albashi ya fara rawa, iƙama ta shiga matsala, gidaje biyu ko uku a Kano ko Maraɗi ko Damagaram da ke jiran saƙon ƙarshen wata su ma su ji a jikinsu.

Lissafi irin na ɗan kasuwa

Babu ɗan kasuwar kirki da zai shekara bai ƙirga kayan shagonsa ba don kawai yana ganin ciniki na tafiya. Ciniki yana iya tafiya alhali uwar kuɗi ake ci. Haka jiki yake, shi ma yana da lambobin da ake duba shi da su. Guda uku ne muke so duk wanda ya kai shekara 40 ya san nasa, ko ma kafin nan in akwai ciwon a danginsa.

Na farko awon jini. Lamba biyu ce, ta sama da ta ƙasa. Idan ta sama ta kai 140 ko ta ƙasa ta kai 90, kuma aka sake aunawa a wata rana daban aka sami haka, likitoci suna kiran wannan hawan jini. Kafin a auna a zauna a huta kamar minti biyar, a jingina baya, a ɗora hannu daidai ƙirji, kada a sha shayi ko gahawa ko taba rabin awa kafin nan. Na'urar awon ana sayar da ita a kowace saidaliya, kuma kuɗinta bai kai na shadda mai kyau ta sallah ba. Mutum huɗu ko biyar da ke ɗaki ɗaya za su iya haɗa kuɗi su saya.

Na biyu awon sukari. Idan mutum ya kwana bai ci komai ba na awa takwas, aka auna da safe aka sami ƙasa da 100, wannan daidai ne. Daga 100 zuwa 125 gargaɗi ne, ciwon yana bakin ƙofa, kuma a nan ne gyaran abinci da motsa jiki suka fi yin aiki. Daga 126 zuwa sama, in an maimaita an tabbatar, ciwon sukari ne. Wanda ya saba da awon asibitocin Nijeriya ya lura cewa 126 a nan shi ne 7 a can, ma'aunin ne ya bambanta. Ƙasar da muke zaune tana cikin waɗanda ciwon ya fi yawa a duniya: ƙididdigar ƙungiyar ciwon sukari ta duniya ta 2021 ta nuna kusan mutum ɗaya cikin kowane manya biyar zuwa shida a Saudiyya yana da shi. Mu ma abincin da suke ci muke ci, zaman da suke yi muke yi, kuma abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Na uku faɗin ciki. A ɗauki tef ɗin tela a zagaya ciki wajen cibiya. Abin da ake so kada ya wuce rabin tsayin mutum. Mai tsayin santimita 170 kada cikinsa ya wuce 85. Mun taso muna kallon tumbi a matsayin alamar hutu da wadata, har ana yi wa wanda ya dawo daga Saudiyya barka da ya yi kyau. Kitsen da ke taruwa a ciki kuwa shi ne babban abokin sukari da hawan jini.

A rubuta waɗannan lambobi a ƙaramin littafi tare da kwanan wata, kamar yadda ake rubuta bashi. Ranar da aka je wurin likita a tafi da littafin.

Abin da ke shiga baki

Abincin nan yana da daɗi kuma yana da sauƙin samu. Kafsa da mandi, buros da dankali, shawarma, tamis da ful da safe, ga lemon gwangwani mai sanyi a kowace baƙala. Matsalar ita ce a gida mutum yana cin tuwo ya tafi gona ko ya taka zuwa kasuwa, a nan kuwa yana cin faranti cike da shinkafa da mai ƙarfe goma sha biyun dare ya kwanta ƙarƙashin mukayyif.

Mu yi lissafin sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya wuce kimanin giram 50 a rana ga babban mutum, wato ƙaramin cokali kamar 12, kuma in an rage zuwa rabin haka ya fi. Gwangwanin lemo guda ɗaya yana ɗauke da kusan cokali tara. Wanda ke shan shayi kofi huɗu a rana, kowane kofi da cokali uku, ya riga ya cika 12 tun bai taɓa lemo ba. Hukumomin ƙasar nan sun ga haɗarin, shi ya sa a watan Yuni 2017 aka ɗora harajin kashi 50 cikin ɗari a kan lemon kwalba da na gwangwani, da kashi 100 a kan abubuwan shan ƙarin kuzari da taba, sannan daga 2019 aka wajabta wa gidajen abinci rubuta yawan kalori a jikin jerin abincinsu. Ba sai an bar shayi ba. A rage cokali ɗaya wannan mako, bayan mako biyu a rage wani, harshe yana sabawa.

Gishiri kuma abin da aka yarda da shi a rana bai kai giram biyar ba, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, haɗe da wanda ke cikin burodi da cuku da abincin gwangwani. Dunƙulen da muke jefawa a miya kusan rabinsa gishiri ne. Uwargida in ta sa dunƙule huɗu ta ƙara gishiri da hannu, ga yaji a gefe shi ma da nasa, an wuce iyaka tun a cin rana. Daddawa da albasa da tafarnuwa da citta suna ba miya ɗanɗano ba tare da wannan nauyin ba. Kuka da kuɓewa da zogale da wake, waɗanda wasu ke ganin abincin talaka ne, sun fi buros amfani nesa ba kusa ba, kuma ana samun su wurin 'yan'uwanmu masu sayar da kayan gida.

Addini ya riga likita a wannan babi. Aya ta 31 a Suratul A'araf ta halatta ci da sha ta hana wuce iyaka, kuma hadisin Miƙdam ɗan Ma'adi Kariba da Tirmizi ya ruwaito ya koyar da a kasa ciki kashi uku tsakanin abinci da ruwa da numfashi. Kowa ya haddace wannan, aiki da shi ne ke wuya ranar walima.

Tafiya, zafi da barci

Kakannin Takari da ƙafa suka zo ƙasar nan. Su tashi daga ƙasar Hausa su bi ta Barno da Chadi da Sudan, su yi shekaru a hanya suna noma suna sana'a, kafin su ƙetare Bahar Maliya. Jikokinsu yau in baƙala ta yi nisan layi biyu sai a ta da mota. Abin da masana suka ce jiki na bukata shi ne aƙalla minti 150 na motsi a mako, wato tafiya da sauri ta rabin awa sau biyar. Bayan sallar Asuba ko bayan Isha'i, lokacin da rana ba ta nan, ya wadatar. A zaɓi masallacin da ya ɗan yi nisa, a sami lada biyu. Mata su haɗu biyu ko uku su zagaya unguwa, ranar hutu a fita Kornish da yara. Mai aikin ƙarfi wanda yake tsaye tun safe shi ba tafiya yake bukata ba, hutu da ruwa yake bukata.

Zafin ƙasar nan ba abin wasa ba ne. A Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, kuma ministan lafiya ya sanar da rasuwar mahajjata 1,301, kashi 83 cikin ɗari daga cikinsu waɗanda ba su da izinin Hajji ne, suka yi doguwar tafiya a rana babu inuwa babu wurin hutawa. Allah Ya jiƙansu. A cikin wannan akwai wa'azi ga duk mai tunanin bin ɓarauniyar hanya. Haka nan doka ta hana sa ma'aikaci aiki a tsakar rana daga ƙarfe 12 zuwa 3 na yamma, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba kowace shekara. A riƙa shan ruwa tun kafin a ji ƙishi, a duba fitsari, in ya yi duhu jiki na neman ruwa. Wanda aka ga ya ruɗe a cikin zafi, yana sambatu ko ya suma, a kai shi inuwa, a kwara masa ruwa a jiki, a yi masa fifita, a kira motar asibiti nan take.

Barci kuma, rayuwar Jidda ta dare ce, amma jikin babba yana bukatar aƙalla awa bakwai. Mai hira a waya da mutanen gida har ƙarfe biyu, sannan ya tashi Asuba ya kama tuƙi, yana wasa da ransa da na waɗanda ya ɗauka.

Magani ba gyaɗa ba ne

Mun zo da wata ɗabi'a daga gida: duk zazzaɓi maleriya ce, duk ciwon jiki a haɗiyi ƙwaya. A Jidda akwai zazzaɓin denge, wanda aka fara tabbatar da shi a garin nan a 1994 kuma yake dawowa musamman bayan ruwan sama. Sauron da ke kawo shi da rana yake cizo, kuma a ruwa mai tsabta da ya kwanta yake haihuwa: bokitin da ke tare ruwan mukayyif, tankin da ba a rufe ba, tsohuwar taya, kaskon fulawa. Maganin maleriya ba ya yi masa komai. Abin da ya fi haɗari, asfirin da ibuprofen suna iya jawo wa mai denge zubar jini. Mai zazzaɓi mai zafi da ciwon gaɓoɓi da ciwon bayan ido ya tsaya ga farasitamol da ruwa, ya je a gwada jininsa. Mu kuma mu zubar da duk ruwan da ya kwanta a gidajenmu kowane mako.

Ƙwayoyin ciwon jiki irin su diclofenac, waɗanda masu aikin ƙarfi ke sha kullum don su iya tashi, suna cin ciki kuma suna kashe ƙoda sannu a hankali. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta kuwa tun 2018 ma'aikatar lafiya ta tsananta hana sayar da su sai da takardar likita, don haka kada a ga laifin mai saidaliya in ya ƙi bayarwa. 'Yan'uwa mata su yi hattara da ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha ka fashe da mayukan bilicin. Da yawa daga cikinsu akwai sinadarin da ke jawo sukari da hawan jini da lalacewar fata.

Zuma da habbatus sauda da ƙaho da ruwan Zamzam duk suna da asali a sunna, ba mu musun albarkarsu. Amma babu malamin kirki da zai ce a ajiye maganin hawan jini saboda su, kuma mai ciwon sukari ya sani zuma da dabino suna ɗaga sukari, sai da ƙirge. Kuskuren da muka fi gani shi ne mutum ya sha magani wata biyu, ya auna ya ga jini ya sauka, ya ce ya warke. Maganin ne ya saukar da shi, ranar da aka bari zai koma. Jiƙe-jiƙen da ake aiko mana daga gida a jarka, babu suna babu ma'auni, a nuna wa likita ko a gaya masa ana sha.

Mai ciwon sukari da ke son yin azumi ya ga likita tun a watan Rajab ko farkon Sha'aban don a gyara masa lokutan magani. Huda yatsa don awo ba ya karya azumi. Idan awo ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300, ya sha ruwa, ya rama daga baya. Ayoyin azumi a Suratul Baƙara sun ba marar lafiya wannan rangwame, kuma karɓar rangwamen Allah ibada ce.

Lafiyar zuciya da zumunci

Daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 an rushe tsofaffin unguwanni da dama a Jidda, ciki har da Sabil da Karantina da Gulail da Petromin, inda mutanenmu suka yi shekaru aru-aru. Jama'a suka watsu, wasu suka dawo nan Safa da kewaye, wasu suka yi nisa, wasu suka koma gida. Tsohuwar da ta saba in ta leƙa ƙofa ta ga ƙawayenta goma, yanzu tana hawa na uku a bene ba ta san maƙwabcinta ba. Ga kuɗin haya, ga wayar gida da ba ta yankewa, kowa da bukatarsa, don a zatonsu wanda ke Saudiyya shebur yake sawa yana kwasar kuɗi.

Damuwa in ta daɗe ciwo ce. Wanda ya yi makonni ba ya barci, ba ya jin daɗin abinci, ba ya son ganin mutane, ko yake jin rayuwa ta ishe shi, ba raunin imani ke damunsa ba, kuma akwai likitocin da ke duba irin wannan. A yi addu'a da zikiri, a kuma nemi magani. Mu riƙa gaya wa mutanen gida gaskiyar abin da muke samu, kunyar cewa babu ta kwantar da mutane da yawa. Kuma mu raya ziyara, an ce zumunta a ƙafa take. Kowannenmu ya san wani dattijo ko wata mai shagala da ba ta da kowa a garin nan. Kiran waya ranar Juma'a ba ya cin komai.

Haƙƙin zuriya ma yana cikin wannan babi. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila. Idan namiji AS ya auri mace AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi ɗa mai SS. Saudiyya ta wajabta wa 'yan ƙasarta gwajin jini kafin aure tun 2004, jihar Kano ma ta kafa irin wannan doka a 2024. Iyaye su sa a yi gwajin tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, kafin zukata su shaƙu.

Abin da ya kamata kowa ya riƙe

Lambar motar asibiti ta Hilal Ahmar ita ce 997, lambar gaggawa ta bai ɗaya a yankin Makka, wanda Jidda ke ciki, ita ce 911. Lambar 937 ta ma'aikatar lafiya ce, ana samun likita a yi masa tambaya dare da rana. A sa su a waya yau, a koya wa yara.

Idan aka ga bakin mutum ya karkace, ko hannu ɗaya ya saki, ko magana ta sarƙe masa farat ɗaya, wannan alamar shanyewar ɓarin jiki ce. Maganin da ke narkar da gudan jinin a cikin awa huɗu da rabi na farko ake bayar da shi. Kada a tsaya shafa mai ko jiran gari ya waye, a kira mota, a yi tofi a hanya. Haka ciwon ƙirji mai nauyi da ke tafiya hannu ko muƙamuƙi tare da gumi.

Wanda ke aiki a kamfani ko shago mai rajista, doka ta ɗora wa mai aikin ya yi masa ta'amin na lafiya. Ka tambayi sunan kamfanin ta'amin ɗinka da asibitocin da ke karɓarsa tun kana lafiya, don da yawa suna da shi ba su taɓa amfani da shi ba. Wanda ba shi da ta'amin, awon jini da na sukari a mustausaf na unguwa bai kai ko kusa da kuɗin kwana ɗaya a gadon asibiti ba. Wanda takardunsa ke da matsala ya zo mu yi shawara tun ciwo na ƙarami, kada tsoro ya sa ya ɓoye har sai abin ya gagara.

Aikin gida na wannan darasi guda uku ne kafin fitowa ta gaba: kowa ya auna jininsa da sukarinsa ya rubuta, ya rage cokali ɗaya a shayinsa, ya kuma ja ɗan'uwa ɗaya su je awon tare. Maigida ya tambayi uwargida yaushe rabonta da awo, ita ma ta tambaye shi. Masu karatu su karanta wa waɗanda ba sa iya karatun boko.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani da za mu bauta maSa da ita, Ya ba marasa lafiyarmu na gida da na asibiti sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya mayar da kowane baƙo ga iyalinsa lafiya.